Agogon GPS na tattaki da tuƙa keke: abin da za ka bincika kafin ka ciro kuɗinka

Idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko ka leƙa shagunan intanet, za ka iya tarar da agoguna biyu a jere, kowanne an rubuta GPS ɓaro-ɓaro a kwalinsa, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan nesa ba kusa ba. Da yawa sukan ɗauka suna kawai ake sayarwa. Wani lokacin haka ne, amma galibi bambancin na cikin agogon: ɗaya yana ɗauke da na'urar GPS tasa ta kansa, ɗayan kuwa aron ta wayarka yake yi ta Bluetooth. Kamfanin da ya yi na biyun bai yi ƙarya ƙarara ba, ya dai faɗi rabin magana ya haɗiye rabi.

Ga wanda zai riƙa duba lokaci da saƙonnin WhatsApp a hannu, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ga mai fita tattaki bayan sallar asuba, ko mai hawa keke ya yi kilomita 20 ko 30 a ƙarshen mako, nan ne maganar take gaba ɗaya. Agogon da ke aron GPS ba ya sanin inda kake sai wayar tana jikinka. Kuma duk wanda ke zaune a manyan garuruwanmu ya san abin da ake nufi da fita da waya mai tsada da duku-duku a titin da ba kowa. Ƙwacen waya ya sa mutane da dama sun haƙura da motsa jikin safe. Agogo mai GPS nasa yana ba ka damar barin wayar a gida, ka fita da shi kaɗai, in ka dawo ya tura mata duk abin da ya rubuta.

Akwai matsala ta biyu wadda mu masu rubuta manhaja muka fi sani. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye domin tattalin batir. Da ka kulle sikirin ka jefa wayar a aljihu, bayan 'yan mintoci tsarin wayar zai iya ɗauke wa manhajar agogon izinin bin sawunka. Sai ka dawo gida ka ga taswirarka ta fara lafiya lau, daga nan ta ja miƙaƙƙen layi ta kan rufin gidajen mutane har zuwa inda ka sake buɗe wayar. Ana iya gyara wannan a saitin batir, a cire manhajar daga jerin waɗanda ake takurawa, amma ba kowace waya ce ke jin magana ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kashe Bluetooth ɗin wayar, ka fita fili, ka zaɓi tafiyar waje a agogon. Na gaske zai nuna alamar yana neman taurari, bayan ɗan lokaci alamar ta koma kore ko ya yi girgiza. Mai aro zai ce ka haɗa shi da waya, ko kuma ya fara ƙirga nisa nan take ba tare da jiran komai ba, wanda ke nufin daga lilon hannunka yake kintace. Idan mai shago bai yarda ka fita da shi ƙofar shago ka gwada ba, ka nemi cikakken sunan samfurin ka duba a shafin kamfanin. Ko a gida ɗaya akan samu bambanci: Xiaomi Smart Band 8 da 9 na gama-gari ba su da GPS nasu, amma masu ɗauke da sunan Pro suna da shi. Kalma ɗaya ce a kwali ta raba su.

Yadda yake sanin inda kake

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko agogon zai ci data. Ba ya ci, kuma ba ya buƙatar layin waya. Taurarin GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma aikinsu guda ne: kowanne yana ta shelanta inda yake da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsa. Agogon hannunka saurare kawai yake yi, kamar rediyo. Yana auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ya lissafa nisansa. Da yake saƙon da gudun haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya kauce da kai mita 300. Shi ya sa ake buƙatar aƙalla taurari huɗu: uku domin wuri, na huɗu domin gyara lokacin agogonka, wanda bai kai nasu daidaito ba.

Kafin ya fara lissafi sai ya san inda kowane tauraro yake a sama a wannan lokacin. Zai iya karɓar bayanin daga taurarin kai-tsaye, amma saƙon nasu a hankali yake zuwa, bit 50 kacal a daƙiƙa, abin da ko intanet ɗin ƙauye zai yi wa dariya. Saboda haka manhajar agogon takan sauko da jadawalin taurarin na 'yan kwanaki ta intanet ta tura masa. Wannan ne kaɗai wurin da data ta shigo, kuma ɗan ƙaramin fayil ne. Amfanin sanin wannan shi ne: idan ka yi kwanaki ba ka haɗa agogon da waya ba, ko ka yi doguwar tafiya daga Kano zuwa Legas, kada ka yi mamaki in ya ɗauki mintoci kafin ya kama. Ka haɗa su da daddare, da safe ka tsaya cak a fili har ya nuna ya shirya, sannan ka danna farawa. Rabin ƙorafin da ake yi cewa agogo ya ci wa mutum nisa daga gaggawar nan yake fitowa.

Ba Amurka kaɗai ke da irin waɗannan taurari ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou wanda ta kammala a 2020. Duk suna ratsa samaniyarmu, kuma yawancin agogunan yanzu na iya sauraron biyu ko fiye a lokaci guda. Yawan taurarin da yake gani, sauƙin kamawarsa a wurin da gini ko bishiya ta tare wani ɓangare na sama.

Mai tafiya a ƙasa ya fi mai keke shan wahalar kuskure

Wannan yakan ba mutane mamaki, amma lissafi ne mai sauƙi. Agogo mai kyau yana rubuta inda kake sau ɗaya a kowace daƙiƙa, sannan ya haɗa ɗigon da layi ya tara tsawonsu. Kowane ɗigo na iya kaucewa da 'yan mitoci hagu ko dama. Mai keke da ke gudun kilomita 20 a awa yana cin kusan mita 5 da rabi a daƙiƙa, don haka kaucewar ba ta cika ɓata jimilla ba. Mai tattaki a kilomita 5 a awa kuwa bai kai mita ɗaya da rabi a daƙiƙa ba. Wato kuskuren ya fi takun nasa tsawo. Idan manhajar cikin agogon ba ta iya tace wannan karkarwar ba, layinka zai fito kamar tafiyar maciji, kuma a rubuta maka nisan da ba ka yi ba. Har in ka tsaya gaisawa da wani a bakin hanya, agogon da bai ƙware ba zai ci gaba da ƙara maka mitoci kana tsaye.

Mai keke shi ma yana da tasa. Wasu agoguna, domin tattalin batir, ba sa rubutawa kowace daƙiƙa, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi. A miƙaƙƙiyar kwalta babu laifi, amma a shataletale da kwana-kwana sai su yanke gefe su rage maka nisa. Idan agogon yana da saitin rubutawa kowace daƙiƙa, ka kunna shi. Ka kuma tabbatar yana da tsayawa da kansa idan ka tsaya, in ba haka ba kowace danja da cunkoson adaidaita sahu za su ja matsakaicin gudunka ƙasa.

Hanyar auna gaskiyarsa bayan ka saya: ka je filin wasa mai layin tsere na ƙa'ida, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne. Ka yi biyar, ya kamata ka ga abin da ke kusa da kilomita 2. Ɗan bambanci kaɗan ba komai, kowane agogo na yi. In ya ba ka 2.4 kuwa, ka san abin da ka saya.

Daga nan sai maganar da kamfanoni suka fi talla da ita yanzu, wato agogo mai sauraron zango biyu. Taurarin GPS suna watsa saƙo a zangon da ake kira L1, sababbinsu kuma suna ƙarawa da L5. Sauraron duka biyun yana taimakawa a wurare biyu. Na farko, saƙon yakan yi jinkiri idan ya ratso wani sashe na sararin sama mai ɗauke da cajin lantarki, kuma kwatanta zango biyu yana ba agogon damar cire wannan jinkirin. Na biyu, wanda ya fi shafar mai motsa jiki, saƙon yakan bugi bango ko gilashi ya dawo, agogon ya ɗauka ta miƙe ya zo. L5 ya fi iya bambance na asali da wanda ya yi tsalle.

Shin kana buƙatarsa? A ganina yawancinmu a'a. An yi wannan fasaha ne domin masu gudu tsakanin dogayen benaye da cikin kurmi da kwazazzabo. Garuruwanmu na Arewa galibi shimfiɗaɗɗu ne, gine-gine gajeru, sama a buɗe. Wanda ke tattaki a titin unguwa ko yake tuƙa keke a hanyar bayan gari ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba. Sai dai in hanyarka ta kullum tana ratsa matsattsun lungunan cikin gari, ko ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa, ko tsakiyar Abuja inda benaye suka yi yawa. Kuma yana da farashi a batir. Kamfanin Coros ya ce agogonsa Pace 3 yana yin awa 38 da GPS zalla, amma in aka kunna duk taurari da zango biyu sai ya sauko awa 15.

Batir, rana da ƙura

Lambar da ke kan kwali, irin su kwana 10 ko kwana 14, ta zaman agogo ce ba tare da GPS ba. Wadda ta shafe ka ita ce awa nawa yake yi GPS na kunne, kuma galibi a can ƙasan shafin bayani ake ɓoye ta. Garmin Forerunner 55 misali an ce yana yin mako biyu a zaune, amma awa 20 da GPS. Ka yi lissafin kanka: in kana tattakin awa ɗaya kullum, awa 7 ke nan a mako, ga kuma cin batir na yau da kullum. Agogo irin wannan caji ɗaya zai iya kai ka mako. Apple Watch kuwa a baya an yi shekara da shekaru alƙawarin kamfanin awa 18 ne a jimilla, wato caji kowace rana, kuma agogunan Samsung ma kwana ɗaya zuwa biyu ne. A garin da ake kawo wuta yadda aka ga dama, ƙara wata na'ura a layin masu jiran caji ba ƙaramin abu ba ne.

Wata 'yar dabara: batirin agogo ƙarami ne ƙwarai, yana jan wuta kaɗan, har wasu fawa banki sukan ɗauka ba a jona komai ba su kashe kansu. Da yawansu suna da yanayin ƙananan na'urori, galibi ta danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi. Ka duba naka kafin ka ce agogon ne ya lalace.

Fuskar agogo iri biyu ce a kasuwa. AMOLED irin ta manyan wayoyi ce, launi tar, baƙi wuluk, ita ce ke jan ido a cikin shago. MIP kuwa a shago kamar ta mutu, launinta a dushe. Amma ka fita da ita tsakar rana ka gani: hasken ranar take amfani da shi, ƙarin rana ƙarin fitowar rubutu, kuma kullum a kunne take ba tare da shan batir sosai ba. Ga mai keke wannan na da muhimmanci, domin AMOLED takan kashe kanta har sai ka juyo da hannu, kuma juya hannu kana riƙe da keke a cikin motoci ba wasa ba ne. Za ka iya saita ta ta zauna a kunne, batir ya biya. AMOLED na yanzu suna da hasken da ya isa a karanta a rana, ba na musun haka, amma ni dai da za a ba ni zaɓi domin ranar Sakkwato ko Maiduguri, MIP zan ɗauka. Haka nan maɓallai sun fi taɓa sikirin idan yatsa ya jiƙe da gumi.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin lithium. Littattafan bayanin agogunan Garmin sukan ce a yi caji tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyos, kuma a watan Afrilu cikin motar da aka rufe a rana ya wuce haka. Kada ka bar shi a gaban mota, kada ka jona shi a bakin taga.

Game da ruwa, za ka ga IP68 ko 5ATM. Lambar 6 ta farko a IP68 na nufin ƙura ba ta shiga, abin da za ka gode wa a lokacin hunturu. 5ATM ya fi ƙarfi wajen ruwa, ana iya iyo da shi. Mu da muke alwala sau biyar a rana, abin lura ba jikin agogon kaɗai ba ne, har da maɗaurinsa. Za ka riƙa cire shi ko sassauta shi kullum domin ruwa ya game hannu. Maɗaurin roba yana bushewa nan da nan, na zare yana riƙe danshi da gumi, in ba a wanke shi yana wari yana kuma kawo ƙuraje. Ka zaɓi agogon da ake iya canza masa maɗauri da na gama-gari, domin shi ne abin da zai fara tsinkewa.

Ma'aunin tudu ba kowa ke buƙata ba. GPS ya fi rauni wajen auna hawa da sauka, shi ya sa ake saka wa wasu agoguna sensa mai auna nauyin iska. In kana Jos ko kana tuƙa keke a tsaunukan Mambila, ka neme shi. In hawanka bai wuce gadar sama da Dutsen Dala ba, ka bar kuɗinka. Mai shi kuma ya riƙa ɗauraye ɗan ramin sensar, ƙura na toshe shi.

Koren hasken da ke bayan agogo

Shi ne ke auna bugun zuciya. Yana haska fata, jini ya shanye wani ɓangare na hasken, sensa ta karanta abin da ya dawo. Duk bugu ɗaya jini na ƙaruwa a jijiya, hasken da ke dawowa ya ragu. An daɗe ana tambayar ko baƙar fata na rage daidaiton wannan, tunda ita ma tana shanye koren haske. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2020 kan mutum 53 masu launin fata daban-daban bai sami wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba, amma ya sami cewa motsi na ƙara kuskuren sosai. Mutum 53 ba su isa rufe magana ba, don haka ka gwada a hannunka: ka hau bene ko ka yi tsalle na minti ɗaya, ka ɗora yatsa a wuya ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu, ka kwatanta.

A tattaki sensar hannu tana aiki daidai gwargwado, matuƙar ka ɗaure agogon ya kama, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu. A keke ne take rikicewa. Hannunka a lanƙwashe yake, ka damƙe mariƙi, ga gargadar hanya tana girgiza agogon. A burji ko kwalta mai ramuka sai ka ga lambar ta yi sama ta yi ƙasa ba dalili. Maganin shi ne bel ɗin ƙirji, irin su Polar H10, wanda ke karanta lantarkin zuciya kai-tsaye ya tura wa agogon. Sai dai ba kowane agogo ke karɓar sensa daga waje ba, kuma wannan ita ce tambayar da mai keke ya kamata ya yi tun a shago. Akwai hanyoyin haɗi biyu, Bluetooth da ANT+. Agogunan Garmin suna jin ANT+, Coros Pace 3 Bluetooth kaɗai yake ji, Apple Watch kuma ya fara karɓar sensar keke ta Bluetooth daga 2023. Ta wannan hanyar ce kuma za ka haɗa 'yar sensar da ake ɗaurawa a feda domin ƙirga juyi nawa kake yi a minti, ko wadda ake ɗaurawa a cibiyar taya domin gudu.

Da bel a ƙirji, za ka iya cire agogon daga hannu ka ɗaura shi a mariƙin keken, ya zama kamar mitar babur a gabanka. Akwai 'yar roba da ake sayarwa domin haka, amma guntun soso da aka naɗe ma yana yi.

Sauran lambobin da agogo ke nunawa, ka ɗauke su da sassauci. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma wajen ƙirga kalori ko ɗaya bai yi abin kirki ba: wanda ya fi kyau ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yau kintace ne daga nauyinka da shekarunka da bugun zuciyarka. Kada ka ce agogo ya ce ka ƙona 600 don haka ka ƙara malmala biyu.

Ƙirgen taku ma haka. Lilon hannu yake ji, don haka wanki da daka da zama a bayan ɗan acaɓa a hanya mai gargada duk suna iya zama taku, tura baro kuwa ba ya shiga lissafi. Ita kanta 10,000 ɗin da ake ta bi ba daga asibiti ta fito ba, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma keke na cikin lissafin ko da agogonka ya nuna taku 2,000 kacal a ranar.

Inda ba na sassauci shi ne agogon da ke iƙirarin auna sukarin jini. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Irin waɗannan sun cika shagunan intanet, kuma akan saya wa iyaye a matsayin tsaraba. Mai ciwon suga da ya daidaita maganinsa da lambar ƙarya yana iya rasa ransa. In ka ga wannan iƙirarin a kwali, ka ɗauka sauran abin da aka rubuta ma haka yake.

Tarihin tafiyarka na waye?

Wannan ɓangaren masu saye ba su cika tunawa da shi ba sai bayan shekara. Duk fitar da ka yi fayil ce: jerin wurare da lokuta da bugun zuciya. Tana da tsare-tsare sanannu, GPX da FIT da TCX. GPX rubutu ne zalla, za ka iya buɗe shi ka karanta da idonka. Agogon kirki yana ba ka damar fitar da wannan fayil, ko ya tura shi da kansa zuwa Strava. Garmin da Coros da Amazfit duk suna yi. Agogunan da ba su da suna kuwa sukan zo da wata manhaja da ba ka san mai ita ba, wadda ke neman izinin lambobin wayarka da saƙonninka da hotunanka, ba ta kuma da ƙofar fitar da komai. Ranar da aka daina sabunta ta ko ka canza waya, tafiyar shekara guda ta tafi. Kafin ka sayi agogo, ka sauko da manhajarsa, kyauta ce. Ka duba yaushe aka sabunta ta, ka duba izinin da take nema, ka nemi inda aka rubuta fitar da bayanai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko manyan ma ba su tsira ba. A Yulin 2020 masu kutse sun kulle kwamfutocin Garmin, manhajarsu ta yi kwanaki ba ta aiki. Waɗanda suka san cewa ana iya jona agogon a kwamfuta da waya a kwashe fayilolin FIT kai-tsaye ba su rasa komai ba.

Ɗaya gefen kuma, taswirar motsa jikinka tana faɗin inda kake kwana da lokacin da kake fita. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai suna Nathan Ruser ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita tana nuna zanen sansanonin soja a wurare irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna zagaye ciki da agogunansu. In ta tona asirin sansanin soja, ƙofar gidanku ba komai ba ce. Duk wanda ya ga taswirarka uku ya san gidanku, ya san ƙarfe nawa kake fita, ya san kana da keke mai tsada. Strava na da saitin ɓoye farko da ƙarshen hanya, da na taƙaita masu ganin fitarka ga waɗanda ka amince da su. Ka kunna su tun ranar farko. 'Yan'uwa mata masu tattaki su fi kowa kula da wannan, kuma hoton taswira a sitatus ɗin WhatsApp shi ma wallafawa ne.

To wanne za a saya?

Wayarka ce za ta fara yanke hukunci. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone. Agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 na 2021 zuwa yau ba sa aiki da iPhone, wasu abubuwan nasu ma sai da wayar Samsung. Na Huawei suna aiki da ɓangarorin biyu, amma a Android sai ka sauko da manhajarsu daga wajen Play Store. Garmin da Coros da Amazfit ba ruwansu da irin wayarka.

Farashin naira yana canzawa kafin a gama rubuta shi, don haka ga farashin fitowarsu a dala, ka lissafa da canjin yau ka ƙara ribar ɗan kasuwa. Amazfit Bip 6 ya fito a kusan dala 80, yana da GPS nasa, kuma ga mai tattaki da ke son taswira da nisa ya wadatar. Forerunner 55 ya fito a 2021 a kan dala 200: fuskar MIP, maɓallai biyar, ba kwalliya, ba ma'aunin tudu, amma aikinsa yake yi. Coros Pace 3 na 2023 dala 229 ne, yana da zango biyu da ma'aunin tudu da batir mai daɗewa, shi zan nuna wa mai keke. Forerunner 165 na 2024 dala 250 ne ga wanda ya nace sai AMOLED. Sama da haka kana biyan taswirar cikin agogo ne da kayan 'yan tseren gaske. Idan kuma keke kaɗai kake yi ba ka tattaki, ka yi tunanin ƙaramar mitar keke mai GPS a maimakon agogo, fuskarta ta fi girma kuma a gabanka take.

Yawancinmu dai na hannu za mu saya, kuma babu laifi, agogunan motsa jiki suna da ƙarko. Amma batirinsu a manne yake a ciki, canza shi aiki ne, don haka ka nemi a cika shi, ka kunna GPS na minti 20 a waje ka ga kashi nawa ya sauka. Ka juya bayansa ka duba gilashin sensar ko ya tsage, ka duba ƙarafan caji ko gumi ya cinye su, ka danna kowane maɓalli. In Apple Watch ne, mai shi ya cire shi daga asusunsa a gabanka, in ba haka ba yana kulle kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka. Sannan kada ka bar shagon ba tare da wayar cajinsa ba, ka kuma jona ta a nan ka ga tana aiki. Kusan kowane kamfani da irin bakin cajarsa, ta wayarka ba za ta shiga ba, kuma neman ta Coros ko ta tsohon Garmin a kasuwa zai iya cin maka makonni.